Hanyar zama masanin tarihin sarautar Faransa ta kafin juyin juya hali

Tambaya: Malam, na gama digiri na farko a tarihi, kuma ina karanta Faransanci ba laifi. Tarihin sarakunan Faransa ya shiga raina, musamman zamanin Louis na 14. Ina so ya zama sana'ata, in koyar da shi a jami'a. Ta ina zan fara, shekara nawa abin yake ci, kuma a ina mutane suka fi tuntuɓe?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Ka fara riƙe sunan fannin da kyau, don tun daga nan wasu ke ɓata. A jami'o'in Faransa, abin da suke kira "histoire moderne" yana farawa ne daga ƙarshen ƙarni na 15 ya tsaya a juyin juya halin 1789. Abin da ya biyo baya har zuwa yau wani sashe ne daban, da malamansa daban. Wanda ya ga kalmar "moderne" ya ɗauka zamanin yanzu ake nufi zai kai takardunsa ƙofar da ba tasa ba. Zamaninka ya ƙunshi ƙarshen gidan sarautar Valois da gidan Bourbon, wanda ya hau gado da Henri na 4 a 1589.

Abu na biyu, kuma shi ne jigon amsata: ba za ka yi digirin digirgir a kan rayuwar Louis na 14 ba. An rubuta ta an sake rubutawa, babu malamin kirki da zai karɓe ka da wannan. Abin da ake nema a wannan fage shi ne yadda mulkin ya yi aiki a ƙasa: wa ya karɓi haraji, nawa ya isa baitulmali, wa ya sayi kujerar alƙali, wa ya ranta wa sarki kuɗin yaƙi, me ya sa talakawa suka yi bore a wannan lardi suka yi shiru a wancan. Amsar waɗannan tana cikin akwatunan takardu masu ƙura, da rubutun hannu mai wuyar karantawa.

Rayuwar Roland Mousnier misali ce mai kyau. An haife shi a Paris a 1907, ya ci jarrabawar gasa ta manyan malamai, wato "agrégation", a 1931. Daga nan ya yi shekaru yana koyarwa a makarantun sakandare, da farko a Rouen sannan a Paris, yana haɗa bincikensa a gefe. Sai a 1945 ya kare babban kundinsa, shekara 14 ke nan bayan jarrabawar. Maudu'in shi ne sayar da muƙamai a zamanin Henri na 4 da Louis na 13. Sarki yana ƙirƙirar muƙami, na alƙali ko na ma'aji ko na mai karɓar haraji, ya sayar don ya sami kuɗi nan take. Da can, idan mai muƙami ya miƙa wa ɗansa kujera sannan ya mutu kafin kwana 40 su cika, muƙamin yakan koma hannun sarki. A 1604 aka shigo da wani kuɗi da ake biya duk shekara, kashi ɗaya cikin 60 na darajar muƙamin, wanda aka laƙaba wa suna "paulette" saboda Charles Paulet da ya fara karɓarsa. Duk wanda ya biya ya tsira daga sharaɗin kwana 40, muƙami ya zama dukiyar gado. Mai karatu Bahaushe zai tuna da kuɗin sarauta, amma a kula da bambancin: a Faransa abin ya zama kadara a rubuce, ana sayar da ita, ana jingina ta, ana ba da ita a kayan aure, kuma sarki ba ya iya tuɓe mai ita sai ya mayar masa da kuɗinsa ko an same shi da babban laifi. Wannan ne ya sa sarakuna suka dogara da wasu wakilai na daban, "intendants", waɗanda ake naɗawa da takarda a kuma janye su duk lokacin da aka ga dama.

Da wannan kundi Mousnier ya sami kujera a jami'ar Strasbourg a 1947, ya koma jami'ar Sorbonne da ke Paris a 1955, ya zauna har ya yi ritaya a 1977. Abin da ya fi fito da sunansa waje shi ne muhawararsa da masanin Tarayyar Sobiyet, Boris Porshnev. Labarin takardun da suka yi jayayya a kai abin koyo ne. Wasiƙun da aka riƙa aika wa Pierre Séguier, shugaban ma'aikatar shari'a ta sarki daga 1635 zuwa 1672, sun rabu biyu: wani ɓangare ya tsaya a Paris, wani kuma wani ma'aikacin ofishin jakadancin Rasha mai suna Dubrovsky ya kwashe shi lokacin juyin juya hali ya kai Saint Petersburg. Porshnev ya yi aiki da na Rasha, ya fitar da littafinsa a 1948, aka fassara shi zuwa Faransanci a 1963. A ganinsa boren da aka yi tsakanin 1623 da 1648 faɗa ne na talakawa da masu dukiya, sarauta kuma garkuwar masu dukiyar ce. Mousnier ya karanta na Paris, ya ce a'a: sau da yawa masu ƙasa da alƙalan gari su ne ke zuga manoma ko su kau da kai, domin harajin sarki yana cinye abin da su ma suke jiran karɓa daga hannun manomi. Maimakon ya tsaya ga cacar baki, sai ya raba wa ɗalibansa larduna. Madeleine Foisil ta ɗauki boren Normandi na 1639, wanda harajin gishiri ya tayar. Yves-Marie Bercé ya ɗauki kudu maso yamma, René Pillorget ya ɗauki Provence. Ka ga yadda ake gina fanni: tambaya ɗaya, lardi ɗaya, tarin takardu ɗaya ga kowane mutum. Daga baya Ba'amurke William Beik ya bi wannan sawu a lardin Languedoc, ya nuna a 1985 cewa kaso mai tsoka na harajin da ake tarawa yana komawa aljihun manyan lardin ne, shi ya sa suka yi wa Louis na 14 biyayya. Tun daga nan masana suke taka tsantsan da kalmar "mulkin cikakken iko". Kai ma kada ka shiga da ita a baki kamar an gama magana.

A Faransa tsanin yau ya fi na zamanin Mousnier gajarta a takarda. Digiri na farko shekara 3, na biyu shekara 2, digirin digirgir shekara 3 a ƙa'ida, amma a tarihi an fi ganin 5 ko 6, musamman ga wanda yake aiki yana karatu. A digiri na biyu ne ake gwada ka: ƙaramin kundi a shekarar farko, babba a ta biyu, kuma dole ya tsaya a kan takardun asali da ka karanta da idonka. Makin da ka samu a nan shi ke buɗe ko rufe ƙofar kwantiragin digirin digirgir, wanda albashi ne na shekara 3 da ake samu ta gasa. Ita "agrégation" har yanzu tana da nauyi ƙwarai a idon masu ɗaukar malaman tarihi, amma an keɓe ta ga 'yan Faransa da 'yan ƙasashen Tarayyar Turai da wasu maƙwabtansu, saboda ƙofar aikin gwamnati ce. Kujerun koyarwa da bincike na jami'a kuwa, da na cibiyar bincike ta ƙasa CNRS, ba su da sharaɗin ɗan ƙasa. Wanda ba shi da damar zama waccan jarrabawa sai ya cike giɓin da ƙwarewa a karatun tsofaffin takardu da wallafa maƙaloli da wuri.

Karatun rubutun hannu, a nan gizo ke saƙa. Iya Faransancin jarida ba ya wadatarwa. Rubutun magatakardan kotu da na masu rubuta yarjejeniyoyi, "notaires", tsakanin 1550 da 1650 shi ya fi kowanne tsauri. Daga tsakiyar ƙarni na 17 abin yana sauƙi, na ƙarni na 18 kuwa kusan kowa yana iya karantawa bayan 'yan makonni. Ba su bambanta u da v, ko i da j. Dogon s yana kama da f. Suna guntule kalmomi: "led." na nufin "ledit", "l.t." na nufin kuɗin livre na Tours. Lambobi na Romawa ne amma da salon ƙirga ashirin-ashirin, don haka IIII da ƙaramin xx a samansa 80 ne, VI da xx 120 ne. Idan ka ga "7bre" Satumba ake nufi, "Xbre" kuma Disamba; ɗalibai da yawa sun mai da Satumba Yuli saboda wannan. Makarantar École des chartes, da aka kafa a 1821, ita ce gidan wannan ilimi, kuma tana da shafin atisaye kyauta a intanet mai suna Theleme. Hanyar koyo ɗaya ce: ka sa hoton takarda a gabanka, ka kwafe ta harafi bayan harafi ba tare da ka gyara kuskuren marubucin ba, sannan ka gwada da kwafin da ƙwararre ya yi. Awa guda kullum na wata shida ya fi kwas ɗin mako biyu amfani nesa ba kusa ba. Ka ƙara da ɗan Latin. Dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta Faransanci a takardun shari'a, amma coci da jami'o'i da littattafan fiƙihun dokoki sun daɗe suna amfani da Latin.

Kwanan wata ma tarko ne. Kafin dokar 1564, wadda babbar kotun Paris, wato "parlement", ba ta bi ba sai 1567, ofishin sarki yana fara shekara ne daga bikin Ista. Takardar da aka rubuta wa Fabrairu 1547 a lissafinmu ta Fabrairu 1548 ce. A 1582 Faransa ta karɓi sabuwar kalanda, aka tsallaka daga 9 ga Disamba zuwa 20. Ingila ba ta sauya ba sai 1752, don haka wasiƙar jakada daga Landan takan zo da tazarar kwana 10, daga 1700 kuma 11. Wanda bai lura ba zai ga amsa ta riga tambaya. Kuɗi haka: livre ɗaya sou 20 ne, sou ɗaya denier 12. Livre ma'aunin lissafi ne kawai, tsabar da ke yawo a kasuwa daban take, sarki kuma yana ɗaga darajarta ko ya sauke da doka, har zuwa 1726 da aka daidaita ta. Tsakanin 1577 da 1602 an riƙa yin lissafi da écu, kowanne livre 3. Ka haɗa jimlolin shekaru daban-daban ba tare da ka duba wannan ba, jadawalinka ya lalace. Kada kuma ka fassara "parlement" da majalisar dokoki. Babbar kotu ce ta alƙalan da suka sayi kujerunsu, tana rajistar dokokin sarki tana iya yin ƙorafi a kansu, kuma sun kai 13 a 1789. Majalisar wakilan ƙasa baki ɗaya ta zauna a 1614, ba ta sake zama ba sai 1789.

Sai ina takardun suke. Na gwamnatin sarauta suna ma'ajiyar ƙasa da ke tsakiyar Paris. Sabon gininta na Pierrefitte, a gefen birnin, da aka buɗe a 2013, ya fi ɗaukar na bayan juyin juya hali. An jera takardun sarautar da haruffa: E na majalisar sarki, X na babbar kotun Paris, G7 na ofishin kuɗi tun daga zamanin Colbert, ministan kuɗin Louis na 14, O1 na gidan sarki, Y na Châtelet, kotun da ke ƙarƙashinta a birnin, sai ɗimbin rajistocin masu rubuta yarjejeniyoyi na Paris, inda ake ganin aure da bashi da gado. Wasiƙun ministoci da yawa ba sa nan, domin a wancan zamani minista yakan tafi gida da takardunsa kamar kayansa. Shi ya sa tarin Colbert da na Séguier suke sashen rubuce-rubucen hannu na ɗakin karatu na ƙasa. Na yaƙi suna Vincennes, na jakadanci suna La Courneuve, duka a kewayen Paris. Kowace jiha kuma tana da ma'ajiyarta tun 1796, inda harafin B yake na kotuna, C na mulkin lardi. Ka san abin da wuta ta ci kafin ka zaɓi maudu'i: gobarar 1737 ta cinye mafi yawan takardun kotun binciken kuɗi ta Paris, ta 1871 kuma ta cinye rajistocin haihuwa da aure da mutuwa na birnin. Mutum yakan tsara tambaya mai kyau ya kwashe shekara guda kafin ya gane shaidarta ta zama toka.

Don haka tsarin da nake ba da shawara shi ne a juya abin da ɗalibai suka saba. Ka fara gano tarin takardu da yake nan, wanda za ka iya gamawa cikin wata 12 zuwa 18 na zama a ma'ajiya, sannan ka gina tambaya a kansa. Ka duba shafin theses.fr ka tabbatar wani bai riga ka ba. Ka rubuta wa malamin da yake da izinin jagorantar kundi, ka haɗa da shafi 3 zuwa 5: tambayar, abin da aka riga aka rubuta, lambobin akwatunan da za ka buɗe, da jadawalin lokaci. Wasiƙar da ta ambaci lambar akwati ana amsa ta. Wadda ta ce "ina sha'awar fadar Versailles" takan kwana a aljihun tebur. Kafin ka zaɓi malami, ka binciki ɗalibai nawa yake riƙe da su, da shekara nawa suka rage masa ya yi ritaya.

Kuskuren da ya fi kashe kundi a yau shi ne kyamarar waya. Ɗalibi yakan ɗauki hoto dubu 20 cikin wata biyu ya koma gida yana ganin ya gama, alhali bai karanta ko kashi ɗaya cikin goma ba, wasu ma bai san daga wane akwati suka fito ba. Ka ɗauki hoton lambar akwatin kafin kowace takarda, ka sa wa fayil suna a ranar, ka rubuta layi biyu na abin da ke ciki, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Kuskure na biyu shi ne gaskata wakilin sarki. Idan ya rubuta wa minista cewa lardi ya lafa, yana kare kujerarsa ne. Idan ya ce yunwa ta gama da mutane, wataƙila ragin haraji yake nema. Sai ka gwada maganarsa da rajistar majalisar gari, da ta kotu, da ta coci. Haka littattafan tunawa na fadawa: Saint-Simon marubuci ne na gaske, amma yana da waɗanda ya tsana, kuma ya rubuta mafi yawan labarinsa shekaru da dama bayan rasuwar Louis na 14 a 1715. Na uku shi ne jinkirta rubutu. Ka fara babi tun shekara ta biyu ko da bai yi kyau ba.

Kundin tarihi a Faransa yakan haura shafi 500. Masana biyu daga waje ne ke fara karantawa su ba da izinin karewa, sannan kwamitin mutum 4 zuwa 8 ya zauna da kai a bainar jama'a na awa uku ko huɗu. Rahoton da suka rubuta zai bi ka duk inda ka nemi aiki, don haka zaɓen 'yan kwamitin ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka sai neman tantancewa daga majalisar jami'o'i ta ƙasa, sashe na 22 mai kula da wannan fanni na tarihi, kuma tantancewar tana aiki shekara 4. Da ita kake neman kujerar "maître de conférences", wato malamin jami'a na dindindin da bai kai farfesa ba, mai nauyin koyarwa awa 192 a shekara. Gurabe kaɗan ne, masu nema ga kowanne gommai ne, kuma mutane da yawa sukan yi shekaru suna aikin wucin gadi na shekara ɗaiɗai kafin su dace, wasu ba sa dacewa sam. Abin da ke raba masu nema shi ne kundin ya zama littafi, da maƙala biyu ko uku a mujallun da ake tantancewa, irin su Revue historique da Revue d'histoire moderne et contemporaine. Zama farfesa yana buƙatar wani mataki, "habilitation", wanda ya maye gurbin tsohon babban kundi a 1984: sabon bincike mai girman littafi, da tarin maƙaloli, da bayanin tafiyar iliminka. A Ingila kundin ya fi gajarta, kalmomi dubu 80 zuwa 100 cikin shekara 3 ko 4. A Amurka ana fara da shekaru biyu na darussa da jarrabawa, a yi shekara a ma'ajiyoyin Faransa, gaba ɗaya 6 ko 7.

Idan niyyarka ka dawo gida ka koyar, ka yi lissafi tun yanzu. Sassan tarihi na jami'o'inmu sun fi buƙatar tarihin Afirka, tarihin Turai kuwa darasi ɗaya ne ko biyu. A Nijar da Chadi da Kamaru da sauran ƙasashen da ke cikin CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ƙarin girma yana bin yawan abin da ka wallafa da ingancinsa. Shi ya sa maudu'in da ya haɗa sarautar Faransa da nahiyarmu zai fi yi maka riba ta fuska biyu, kuma fage ne na gaske: Faransawa sun kafa Saint-Louis a bakin kogin Senegal a 1659, suka ƙwace tsibirin Gore a 1677, jakadan sarkin Allada, da ke Jamhuriyar Benin ta yau, ya je fadar Louis na 14 a 1670, dokar bayi ta fito a 1685. Takardun wannan suna ma'ajiyar ƙasashen ƙetare da ke Aix-en-Provence, jerin C6 na Senegal ne da gaɓar Afirka. Akwai ma wani likitan tiyata Bafaranshe da aka tsare a Tarabulus a wajajen 1670, wanda ya bar rubutu a kan hulɗar Tarabulus da Barno, yana ɗakin karatu na ƙasa a Paris. Mai Larabci ko ajami da ya iya tsohon rubutun Faransanci yana da abin da yawancin abokan gasarsa ba su da shi. Tsarin jagoranci na haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i biyu, "cotutelle", yana ba ka damar raba shekarun tsakanin gida da Faransa, ya rage kuɗin zama.

Abin da za ka iya yi daga inda kake, ba biza ba tikiti: ka shiga Gallica, ɗakin karatun intanet na Faransa, wanda kyauta ne. Ka nemi wasiƙun da aka aika wa Colbert a rubutun hannu, ka zaɓi goma daga lardi ɗaya a shekara ɗaya. Ka kwafe su, ka gano ko wane ne kowane marubuci da muƙaminsa, ka mai da kowane kuɗi zuwa livre, ka rubuta shafi biyar a kan abin da suke nema daga ministan da abin da suka ƙi faɗa. Waɗannan shafuka biyar, haɗe da kwafin wasiƙun, su za ka liƙa a wasiƙarka ta farko zuwa ga malamin da kake so ya jagorance ka.